Zaren da ke riƙe raga a aikin ƙaba: mai narkewa ko mai zama?

A garuruwanmu na gaɓar Shuɗin Kogin Nilu, daga Mai Wurno zuwa Wad Madani, har ƙauyukan noman riɗi na Gadarif, da wuya a sami zuri'ar da ba a taɓa yi wa wani namijinta aikin ƙabar matse-matsi ba. Ƙididdigar da likitoci suka fi kafa hujja da ita ta ce maza kusan 27 cikin 100 za a yi musu wannan aiki a tsawon rayuwarsu, mata kuwa 3 cikin 100, kuma a duniya ana yin fiye da miliyan 20 kowace shekara. Da can tambayar da ake yi wa likita ita ce ko za a sa raga, wato saƙar roba da ake shimfiɗawa don ƙarfafa bangon ciki. Yanzu an ƙaro wata, musamman a gidajen da ke da 'yan'uwa a Makka da Jidda: da wane zare za a ɗinke ragar? Magana ta bazu cewa zare mai narkewa shi ne na zamani, wanda ba ya narkewa kuwa shi ke barin mutum da ciwo shekara da shekaru. Maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma wanda ya ɗauke ta yadda take zai iya sayen zaren da zai mayar da shi ɗakin tiyata.

Kafin zuwan raga, ɗinki ne dukan aikin. A shekarun 1880 Edoardo Bassini, likitan birnin Padua a Italiya, ya koyar da janyo naman bangon ciki a ɗinke shi da tsirkiyar nan mai tauri da ta taso daga ƙashin ƙugu ta sauka a ƙashin mara. Zare ne ke ɗauke da nauyin gyaran gaba ɗaya, naman kuma yana cikin ja dare da rana, in ya yage ƙaba ta dawo. A 1958 Francis Usher ya shigo da ragar roba a Amurka, sannan a 1989 Irving Lichtenstein da abokan aikinsa na Los Angeles suka fitar da sakamakon mutum 1,000 da suka yi wa aiki ba tare da an ja komai ba. Ana shimfiɗa raga ne kawai a kan wurin da ya yi rauni, a tsaga mata baki don igiyar maraina ta wuce, a kama gefunanta da ɗinki. Har yau wannan hanya ita ce aka fi bi a aikin yanka, kuma ana iya yin ta da allurar kashe wuri kaɗai.

Da aka zo nan sai aikin zare ya canza. Ba shi ne ke tare hanji ba. Jiki ne ke tsiro da nama ta cikin ƙofofin ragar har ta zama ɓangaren bango, zaren kuwa yana hana ta zamewa, ko naɗewa, ko ɗagowa daga kan ƙashin mara kafin wannan kamun ya kammala. Kamar katakon da magina ke tokare rufin siminti da shi ne: bayan ya bushe ba a buƙatarsa, amma wanda ya zare shi da wuri ya san abin da zai biyo baya. Saboda haka tambayar ba ta narkewa ko rashin narkewa ba ce, ta lokaci ce. Har yaushe zaren zai riƙe ƙarfinsa, kuma har yaushe jiki ke buƙatarsa? Raunin tiyata a mako na uku bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na ƙarfinsa na asali ba, sai wajen wata uku yake kaiwa kusan kashi 80 cikin 100. Ita ma ragar, yayin da tabo ke tsukewa, tana iya raguwa da kusan kashi 20 cikin 100, tana jan gefunanta zuwa tsakiya.

Zaren da ake taƙaddama a kai iri uku ne. Prolene, shuɗin zaren roba mai sili ɗaya, da shi da mafi yawan raga duk daga folifurofilin ake yin su, kuma ba ya narkewa. Vicryl tufkakke ne, mai laushi a hannu, mai daɗin ƙulli, shi ya sa likitoci ke son sa. Amma rabin ƙarfinsa ke rage masa a mako na uku, kashi ɗaya cikin huɗu a mako na huɗu, tsakanin kwana 56 da 70 kuma jiki ya shanye shi. Dexon ma kusan haka yake. Na uku shi ne PDS, mai sili ɗaya, mai narkewa a hankali: a mako na shida yana da kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa, ba ya ɓacewa sai bayan wata shida zuwa takwas. Ga inda ruɗanin yake. Vicryl da PDS duk "mai narkewa" ake ce musu a bakin mutane, alhali ɗaya ya saki a daidai lokacin da rauni ke tsakiyar warkewa, ɗayan kuwa yana nan har kamun ya gama.

Hujja mafi nauyi a kan wannan ta fito daga Suwidin, ƙasar da ta buɗe rajista guda a 1992, wadda daga baya ta kai ga rubuta kusan kowane aikin ƙaba, tana bin mutum har ranar da aka sake yi masa aiki. A 2011 Bengt Novik da abokansa suka duba ayyuka 82,015 da aka yi ta hanyar Lichtenstein tsakanin 2002 da 2009. Waɗanda aka ɗinke ragarsu da zare mai saurin narkewa, haɗarin sake yi musu aiki saboda dawowar ƙaba ya ninka na masu zare mai zama fiye da sau biyu. Masu zare mai narkewa a hankali kuwa ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu da masu Prolene ba. Rajista dai ba gwaji ba ce, ba a jefa ƙuri'a an raba marasa lafiya gida biyu ba, kuma mai yiwuwa likitocin da suka zaɓi Vicryl sun bambanta da sauran ta wasu fuskoki. Ba ta kuma auna ciwo ba. Duk da haka mutum dubu tamanin ba abin da za a ture da hannu ɗaya ba ne, balle sakamakon ya yi daidai da abin da aka riga aka sani game da ƙarfin kowane zare.

Masu goyon bayan zare mai narkewa ba su rasa abin faɗa ba, domin ciwon da ke daɗewa bayan aiki ya fi dawowar ƙaba yawa nesa ba kusa ba. Ƙa'idojin duniya na 2018, waɗanda ƙungiyoyin likitocin ƙaba suka haɗu suka fitar a ƙarƙashin sunan HerniaSurge, sun ce mutum 10 zuwa 12 cikin 100 na fama da ciwon da ya wuce wata uku, wanda ke hana aiki da walwala kuwa yana tsakanin 0.5 da 6 cikin 100. Ga manomin da rayuwarsa duka sunkuyo ce da ɗauka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tunaninsu shi ne, in zare ya shaƙe jijiya, mai narkewa zai sake ta wata rana. An gwada. Hannu Paajanen a Finlan ya kwatanta Dexon da Prolene a 2002, bai ga bambancin ciwo ba. Wani gwaji na 2014 a Isra'ila, mai mutum 200, ya ga ciwo ya ragu da Vicryl kuma bai ga ƙarin dawowa ba. Irin wannan gwajin ne ake yawan ɗagawa. Sai dai a yi lissafi: in ƙaba tana dawo wa mutum biyu cikin ɗari, ninkinta huɗu ne, kuma a gwajin da kowane ɓangare ke da mutum ɗari, biyu da huɗu ba su fi abin da sa'a kaɗai ke kawowa ba. Ƙaramin gwaji yana iya ganin ciwo, ba ya iya ganin dawowa. Cewa "ba a ga bambanci ba" a nan ba ta wanke Vicryl.

A ganina an ɗora wa zare laifin da yawancinsa na allura ne da hannun da ke riƙe da ita. Jijiyoyin ji guda uku ne ke ratsa wannan ɗan wuri. Ɗaya tana kwance a kan igiyar maraina, da an buɗe ake ganin ta. Ta biyu tana can sama, wani sashenta ɓoye cikin naman da ake ɗinke gefen ragar na sama da shi, kuma ita ce aka fi kamawa ba a sani ba. Ta uku siririya ce, tana tafiya cikin igiyar maraina gefen wata ƙaramar shuɗiyar jijiyar jini. In allura ta ratsa ɗaya daga cikinsu, ko ƙulli ya matse ta, ɓarna ta riga ta auku tun ranar aiki. Jijiyar da aka shaƙe na makonni tana iya yin tabo ta ci gaba da zogi ko da zaren ya daɗe da narkewa. Sai kuma ƙashin mara. Tantanin da ya lulluɓe shi cike yake da jijiyoyin jin zafi, kuma likitan da ke tsoron kada raga ta ɗago yakan nitsa allura har ta taɓa ƙashi. Wannan ɗinki ɗaya ya isa ya bar mutum da ciwon da yake nuna wa da ɗan yatsa, wuri guda, shekaru.

Parviz Amid, wanda ya gaji aikin Lichtenstein ya kuma gyara shi, ya yi dogon bayani a kan waɗannan wurare, kuma abin sha'awa shi bai tsaya kan zare ɗaya ba. Raga mai faɗin kusan santimita 7.5 da tsawon 15 ake sa wa, ta haura ƙashin mara da santimita 2, domin a wannan kusurwa ƙaba ta fi dawowa in raga ta tsuke. Gefen ƙasa a ɗinke shi da tsirkiyar matse-matsi da zare mai sili ɗaya marar narkewa, ɗinki a jere ba yankewa, a fara daga tantanin da ke sama da ƙashi ba daga jikin ƙashin ba, a tsaya da zarar an wuce ƙofar ciki da igiyar maraina ke fitowa. Kada allura ta nitse, manyan jijiyoyin jinin cinya suna ƙarƙashin tsirkiyar. Gefen sama kuwa ɗinki ɗaiɗai ne, kaɗan, sako-sako, da zare mai narkewa, bayan an gano jijiyar nan ta biyu an kauce mata. Wutsiyoyin ragar biyu a gicciya su bayan igiyar maraina a kama da ɗinki ɗaya marar narkewa. A kuma bar ragar da ɗan sanƙo a tsakiya, kada ta miƙe tsaf, don in mutum ya tashi tsaye ciki ya turo ta sami wurin buɗewa. Wato inda nauyi yake an sa mai zama, inda jijiya take an sa mai tafiya. Likitan da ya rubuta wa iyali zare iri biyu ba ruɗewa ya yi ba.

Shi ma Prolene yana da halinsa. Yana da santsi da taurin kai, sai an maimaita ƙulli sau da yawa yake zama, kuma a jikin siririn mutum tulin ƙullin kan iya zama abin da ake ji a ƙarƙashin fata. Maganin wannan shi ne rage yawan ƙulle-ƙulle da zaɓen madaidaicin kauri, mai lamba 2-0 ko 3-0.

Daga Saudiyya ne labarin manne raga da gam maimakon ɗinki ya fi zuwa mana, inda masu inshorar aiki ke samun abin da babu shi a Sinnar. Iri biyu ne. Akwai irin su Tisseel, da ake haɗawa daga sinadaran daskarar da jini da aka tace daga jinin mutane, akwai kuma irin su Histoacryl, ɗan'uwan gam ɗin nan mai kamawa nan take, amma na asibiti. Hikimar a fili take: ba allura, ba huda jijiya. Wani gwajin Turai da Giampiero Campanelli ya jagoranta, aka buga a 2012, ya sami mutum 8.1 cikin 100 na masu gam suna da ciwo ko mutuwar fata ko rashin jin daɗi mai yawa bayan shekara ɗaya, masu ɗinki kuwa 14.8. Amma a 2015 wani gwaji a Finlan mai mutum sama da 600 ya jera gam da ɗinki da raga mai kama kanta, bayan shekara bai ga wanda ya fi wani ba. Bitar 2017 ta Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, da ta tattara gwaji 12, ta ce gam yana iya rage daɗaɗɗen ciwo, sai dai hujjar mai rauni ce, kuma a inda aka yi amfani da raga marar nauyi fifikon bai fito ba. Raga mai kama kanta, irin ProGrip, mai ƙananan ƙugiyoyi da ke narkewa daga baya, abin da ta tabbatar shi ne rage mintunan aiki. Wanda Allah ya hore wa a Jidda likitansa kuma ya saba da gam, ba laifi. Amma ban ga dalilin da zai sa iyali a Gadarif su sayar da buhunan dawa don neman sa ba.

Tiyatar kyamara, wadda ake yi ta ƙananan huji a ciki ba tare da dogon yanka ba, wata duniya ce. Ragar tana shiga ta bayan bango, matsin cikin kansa ke danne ta, don haka a mafi yawan lokuta ba ta buƙatar ɗinki ko ƙusa. Ƙa'idojin 2018 sun keɓe babbar ƙaba mai faɗin baki da ta ɓullo kai tsaye kusa da ƙashin mara, suka ce ita a kama ragarta. Mata ma wannan hanyar aka fi so musu in akwai, saboda ƙabar saman cinya da kan ɓoye, wadda ragar Lichtenstein ba ta rufe ta.

Duk wannan magana ce ta inda likita ke miƙa hannu a ba shi abin da ya ambata. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, rumbunan kayan asibiti na ƙasa da masana'antun magani da ke Khartum suka fita daga hannu, Wad Madani da ta zama mafaka ita ma ta faɗi a Disamba na shekarar, sai a Janairu 2025 soja suka karɓe ta. Kaya ta Port Sudan suke shigowa, su yi doguwar tafiya kafin su kai asibitin gari. Abin da ya zama ruwan dare shi ne a rubuta wa ɗan mai jinya takarda ya fita neman raga da zare da safar hannu. A kantin magani ne zaɓin da likitocin Turai ke muhawara a kansa yake yankuwa, da jumla ɗaya: "Wannan babu, ɗan'uwa, amma ga irinsa, duk zaren tiyata ne." Yaro ya duba lamba ya ga 2-0 ce, ya biya ya taho. Lambar kauri kawai take nunawa, ba ta faɗin komai game da narkewa. In an rubuta Prolene aka miƙo wani abu, a koma a nuna wa likita kafin a biya, kuma a duba ranar lalacewa da ko ledar ta huje, domin zare mai narkewa danshi ne ke cin sa, ko a jiki ko a kan kanta.

Wanda ya fi ba ni tsoro a cikin masu maye gurbi shi ne siliki, saboda araha da kuma yadda yake ko'ina. Tufkakke ne, kuma tsakanin silinsa akwai ramuka ƙanana da ƙwayar cuta ke shiga amma ƙwayoyin garkuwar jiki, da suka fi ta girma, ba sa iya bin ta. Wannan dalilin ne ma ya sa ake son ƙofofin raga su wuce maikiron 75 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Siliki a jikin raga kan iya zama tushen ƙofar da ke tsiyayar mugunya wata da watanni, ba ta rufewa sai an tono zaren. In Prolene da PDS duk sun gagara, nailan mai sili ɗaya ya fi dacewa: yana rage ƙarfi ne sannu a hankali cikin shekaru, lokacin jiki ya daɗe da gama kamu. Masuntanmu na Rusairis za su yi dariya in suka ji cewa an yi rubuce-rubuce a kan asibitocin karkarar Afirka da suka yi ɗinki da zaren kamun kifi na nailan bayan an dafa shi a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta. Ita kanta ragar an gwada mai araha: a gabashin Uganda, Jenny Löfgren da abokanta sun kwatanta ragar kamfani da ta gidan sauro marar magani a jikin maza kusan 300, sakamakon da aka buga a 2016 bai nuna bambancin dawowa ko matsala ba. Amma wani nau'in roba ne takamaimai, da aka san yadda yake jure zafin dafawa, ba gidan sauron da ake rabawa a sansanin gudun hijira mai maganin kashe ƙwari ba.

Akwai kuma inda ba a sa raga sam. Mutanenmu suna jinkiri, wani sai bayan an gama yankan riɗi, wani sai ƙaba ta maƙale hanji ya mutu. In an yanke hanji wurin ya gurɓata da ƙazanta, likita kan guji raga, ya koma ɗinkin nama da nama. A nan zare ya koma matsayinsa na zamanin Bassini, shi ke ɗauke da gyaran, kuma zare mai saurin narkewa ba shi da gurbi ko kaɗan. Asibitin Shouldice da ke Kanada, wanda tun 1945 ya shahara da gyara ba raga, da siririyar wayar ƙarfe yake ɗinkinsa, hawa huɗu. Yara ƙanana kuwa lamarinsu daban ne: bangonsu lafiya yake, jakar da aka haife su da ita ake ɗaurewa a yanke, ba raga, kuma zare mai narkewa ya wadatar.

Game da komawa gona, ƙa'idojin yanzu ba sa tsare mutum a gado, suna cewa ya koma harkokinsa da zarar ya ji zai iya. Awon matsin ciki ma ya nuna tari da tsalle sun fi ɗaukar matsakaicin kaya tura bango. Saboda haka dattijon da ke da daɗaɗɗen tari, ko wahalar fitsari, ko taurin bayan gida, yana gwada ɗinkinsa sau da yawa a yini ko da bai taɓa buhu ba, kuma irinsa ne makonnin nan na uku zuwa shida suka fi yi wa muhimmanci. Ga shi kuwa su ne makonnin da Vicryl ke sakin hannu.

In ciwo ya wuce wata uku, ba a fara da wuƙa. Ana gwada magani, sannan allurar kashe jijiya a wurin da ake zargi, wadda ke nuna ko wace ce cikin ukun ke kuka. Sai waɗannan sun kasa ake tunanin sake buɗewa, a cire ɗinkin da ya taɓa ƙashi, ko ragar da ta dunƙule, ko a yanke jijiyoyin uku gaba ɗaya kamar yadda Amid ya bayyana. Likitan da zai yi wannan aiki na biyu yana buƙatar sanin wace raga aka sa, da wane zare, ko an ga jijiyoyin a aikin farko. Da yadda yaƙi ya warwatsa mutane da takardun asibitoci, mai yiwuwa a Kassala ko Makka za a yi na biyun, ba inda aka yi na farko ba. Don haka kafin sallama a roƙi likita ya rubuta waɗannan abubuwa uku a takardar da mai jinya zai tafi da ita, a kuma ɗauki hotonta a waya tare da tambarin da ke jikin ledar ragar.